Henry na Takwas: Sarkin da Ya Sallami Fafaroma, Ya Hau Kujerarsa

Ranar 30 ga Yulin 1540 an fito da mutum shida daga Hasumiyar Landan, aka ɗaure su bibbiyu a kan shingayen itace, dawakai suka ja su a ƙasa har dandalin Smithfield. Kowane shinge na ɗauke da ɗan Katolika ɗaya da ɗan Furotesta ɗaya. Da aka isa, aka ƙone uku da ransu bisa laifin bidi'a, saboda sun karkata ga koyarwar Martin Luther. Cikinsu har da Robert Barnes, wanda sarki ya sha aikawa Jamus a matsayin manzonsa. Sauran ukun aka rataye su, aka sauko da su aka daddatsa, bisa laifin cin amanar sarki, saboda sun ƙi yarda cewa wani ne shugaban coci a Ingila ba Fafaroma ba. Ɗaya daga cikinsu, Richard Fetherston, shi ya koyar da 'yar sarkin karatu.

Kwana biyu kafin wannan, an fille kan Thomas Cromwell, babban na hannun daman sarki. A ranar da aka fille shi ɗin kuma sarki ya ɗaura aure da matarsa ta biyar.

Duniya ta fi sanin Henry na Takwas da mata shida, har yaran makaranta a Ingila na haddace yadda kowacce ta ƙare. Amma wanda ya tsaya ga ƙirgar mata zai ɗauka labarin wani mai auri-saki ne kawai. Abin da ya faru a Smithfield ya fi nuna ko wane ne shi: mutumin da bai taɓa barin aƙidar da aka haife shi a cikinta ba, amma ya ƙi yarda a ce akwai wani mahaluki a bayan ƙasa da zai faɗa masa halal da haram.

Ƙanin da ya gaji sarauta, ya gaji matar wa

An haifi Henry a fadar Greenwich ranar 28 ga Yunin 1491, kuma ba shi aka tanadar wa gadon sarauta ba. Yayansa Arthur ne yarima. Mahaifinsu, Henry na Bakwai, da takobi ya samu sarauta a filin yaƙin Bosworth a 1485, bayan shekara talatin ana yaƙin basasa tsakanin gidajen sarauta biyu, don haka babban burinsa shi ne manyan sarakunan Turai su ɗauke shi sarki na gaske. Sai ya nemo wa Arthur 'yar gidan da ya fi kowane ƙarfi a lokacin: Catherine ta Aragon, 'yar Ferdinand da Isabella na Sifaniya, waɗanda suka ƙwace Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492. Aka yi biki a Nuwamban 1501. Ba a cika wata biyar ba Arthur ya rasu.

Ba a son ƙawancen ya wargaje, ba a kuma son mayar da dukiyar da amarya ta zo da ita. Dokar coci ta hana mutum auren matar ɗan'uwansa, amma Fafaroma Julius na Biyu ya ba da izini na musamman. Catherine kuwa ta rantse, kuma ta ci gaba da rantsuwa har ta koma ga Mahaliccinta, cewa Arthur bai taɓa kusantarta ba. Henry ya hau gado a Afrilun 1509 yana ɗan shekara 17, ya aure ta a watan Yuni.

Wannan saurayin ba shi ne ƙaton da ke cikin zane-zanen da aka saba gani ba. Dogo ne, gwanin doki da farauta, mai jin Latin da Faransanci, mai tsara kiɗa, mai son muhawarar addini. A 1521 ya fitar da littafi da sunansa yana mayar wa Luther martani, yana kare ikon Fafaroma, har Leo na Goma ya ba shi laƙabin Mai Kare Addini. Zamansa da Catherine ya kai shekara 24, ya fi na sauran matan biyar a haɗe. Ita ya bar wa riƙon ƙasa a 1513 da ya tafi yaƙi Faransa, kuma a ƙarƙashin riƙonta ne rundunar Ingila ta murƙushe ta Sikotland a Flodden, aka kashe sarkinsu James na Huɗu.

Matsalar tana ɗakin haihuwa. Catherine ta yi ciki aƙalla sau shida. Ɗan da ta haifa ranar 1 ga Janairun 1511 ya yi kwana 52 ya koma. Mary kaɗai, wadda aka haifa a 1516, ta rayu. Har lokacin Ingila ba ta taɓa naɗa mace ta yi mulki da kanta ba. Da aka gwada da Matilda a ƙarni na 12, yaƙin basasa aka girba. A nan ya kamata a yi wa Henry adalci: tsoronsa na mutuwa ba magaji namiji ba shaci-faɗi ba ne. Yana kuma da abin da yake gani hujja ce cewa laifin ba nasa ba ne, domin a 1519 wata farkarsa, Elizabeth Blount, ta haifa masa ɗa namiji lafiyayye.

Shari'ar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa

Mai karatu zai iya cewa, ai sai ya sake ta, ko ya yi mata kishiya. Duka ƙofofin biyu a rufe suke. A dokar Cocin Katolika babu saki, babu mace ta biyu. Ƙofa ɗaya ce ta rage: a tabbatar cewa tun farko auren bai ɗauru ba. Henry ya samo hujjarsa a Littafin Firistoci na Tsohon Alkawari, inda aka yi gargaɗin cewa wanda ya ɗauki matar ɗan'uwansa zai rasa zuriya. Ya gamsar da kansa cewa mutuwar 'ya'yansa horo ne daga Allah, kuma babu Fafaroman da ke da ikon halatta abin da Allah ya haramta. Masu goyon bayan Catherine suka buɗe Maimaitawar Shari'a, inda aka umarci mutum ya auri matar ɗan'uwansa idan ya mutu bai bar ɗa ba. Abin mamaki, zancen kishiya bai rasa masu kawo shi ba: Luther da kansa, da aka nemi ra'ayinsa a 1531, ya ce gara sarki ya ƙara aure irin na annabawan farko da ya kori matarsa.

Ana cikin haka kuma akwai Anne Boleyn, wadda ta yi tarbiyya a fadar Faransa, ta dawo ta shiga cikin 'yan rakiyar sarauniya. Mace ce mai kaifin harshe da kaifin basira, mai karanta littattafan masu neman gyara a coci. Henry ya riga ya yi tarayya da 'yar'uwarta Mary, Anne ta ga yadda aka yar da ita, ta ce ita sai da aure. Wasiƙun soyayya 17 da ya rubuta mata suna nan a ɗakin karatu na Vatican. Wani abin da ke tona asirin taƙawar sarkin shi ne, a dokar coci, tarayyarsa da Mary ta sa Anne ta haramta gare shi daidai da yadda yake cewa Catherine ta haramta. Bai ga wata matsala ba wajen roƙon Fafaroma ya ɗage masa wannan.

A wani zamanin da Roma ta biya masa buƙata, domin ta sha warware auren sarakuna. Sai dai a 1527 sojojin Charles na Biyar, sarkin daular da ta haɗa Sifaniya da Jamus, suka wawashe birnin Roma, Fafaroma Clement na Bakwai ya zama kamar fursuna. Charles kuwa ɗan 'yar'uwar Catherine ne. Ba yadda za a yi Clement ya ayyana gwaggon mai tsare da shi a matsayin wadda ta yi shekara ashirin tana zaman dadiro. Sai ya shiga jan ƙafa. Kotun da aka kafa a Blackfriars a 1529 ta shahara ne da abu ɗaya: Catherine ta tsallake alƙalai ta durƙusa gaban mijinta, ta ce shi da kansa shaida ne cewa budurwa ya same ta, ta tashi ta fice, ba ta sake amsa kiran kotun ba. Wakilin Fafaroma, Kadinal Campeggio, ya ɗage zama, aka mayar da shari'ar Roma.

Wanda ya fara biyan kuɗin wannan gazawa shi ne Kadinal Thomas Wolsey, ɗan mahauci daga Ipswich wanda ya yi kusan shekara 15 yana juya ƙasar a matsayin waziri. Aka tuɓe shi, fadarsa ta Hampton Court ta koma hannun sarki, ya mutu a Leicester a 1530 a kan hanyarsa ta zuwa amsa tuhumar cin amana.

Majalisa ta yi abin da Roma ta ƙi

Mutum biyu suka buɗe wa sarki hanya. Thomas Cranmer, malami daga Cambridge, ya ba da shawarar a bar kotu a nemi fatawar jami'o'in Turai. Thomas Cromwell, ɗan maƙeri daga Putney wanda ya yi sojan haya da fatauci da aikin lauya, ya ga abin da ya fi haka: a sa majalisar dokoki ta yanke igiyar gaba ɗaya. A 1531 aka ci limaman lardin Canterbury tarar fam 100,000. A 1532 suka miƙa wuya, suka yarda ba za su sake yin wata dokar coci ba sai da yardar sarki. Washegari waziri Thomas More ya ajiye aiki. A Janairun 1533 Henry ya auri Anne a asirce tana da juna biyu. Majalisa ta haramta ɗaukaka ƙara zuwa Roma, Cranmer ya zama Babban Limamin Canterbury, ya yanke hukunci a watan Mayu cewa auren Catherine bai taɓa ɗauruwa ba. Ranar 7 ga Satumba Anne ta haihu. Mace ce. Aka sa mata Elizabeth.

A Nuwamban 1534 doka ta ayyana sarki a matsayin shugaban ƙoli na Cocin Ingila a doron ƙasa, wata dokar kuma ta mayar da musun hakan, ko da da fatar baki ne, cin amanar ƙasa. Bishop John Fisher ya rasa kansa a Yunin 1535, More ya bi shi ranar 6 ga Yuli. More ya yi ƙoƙarin tsira da yin shiru, bai yabi dokar ba bai kuma kushe ta ba. Henry bai yarda da shiru ba. Yana son a rantse.

Shekarar 1536 ta zo da gudu. Catherine ta rasu ranar 7 ga Janairu a Kimbolton, ba a bar ta ta ga 'yarta ba. Ranar 24 ga wata sarki ya faɗo daga doki a wasan gwabza mashi, ya ji mummunan rauni. Kwanaki kaɗan bayan haka Anne ta yi ɓarin ɗa namiji. Zuwa watan Mayu an tuhume ta da zina da maza biyar, har da ɗan'uwanta George, tuhumar da akasarin masana tarihi ke ganin ƙage ce, domin wasu ranakun da aka ambata ba ta ma garin da aka ce abin ya faru. Aka ɗauko gwanin takobi daga Calais ya sare kanta ranar 19 ga Mayu. Kafin nan Cranmer ya soke aurenta, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambaya yadda matar da aka ce ba ta taɓa zama matar aure ba za ta ci amanar miji. Bayan kwana 11 Henry ya auri Jane Seymour. Ita ta haifa masa Edward ranar 12 ga Oktoban 1537, ta rasu bayan kwana 12 ba ta gama jego ba.

Dukiyar gidajen zuhudu

Idan ana neman abin da ya sa rabuwa da Roma ta zauna daram, to ba a wa'azi za a same shi ba, a takardun filaye ne. A 1535 Cromwell ya aika jami'ai suka ƙididdige dukiyar coci kaf. Daga 1536 zuwa 1540 aka rufe gidajen zuhudu sama da 800, na maza da na mata. Aka kwashe zinariya da azurfa, aka ɓamɓare darmar rufi aka narkar, aka sauke ƙararrawa. Waɗannan gidaje su ne masaukin baƙi da matafiya, su ke ciyar da miskinai, wasu na jinyar marasa lafiya. A 1538 aka rushe hubbaren Thomas Becket a Canterbury, wurin ziyara mafi shahara a ƙasar. Laifin Becket, wanda ya mutu tun 1170, shi ne ya taɓa ja da wani sarki. A ƙarshen wannan shekara Fafaroma Paul na Uku ya tabbatar da korar Henry daga coci.

Arewacin Ingila bai yi shiru ba. A Oktoban 1536 mutane kimanin 30,000 suka tashi ƙarƙashin wani lauya, Robert Aske, suna neman a bar musu gidajen ibadarsu a kuma kori Cromwell. Sun fi rundunar sarki yawa nesa ba kusa ba. Henry ya yi musu alkawarin afuwa da zaman majalisa a York, har ya gayyaci Aske fada ya yi Kirsimeti. Da suka watse, sai ya fake da wata 'yar tarzoma da ta biyo baya ya kashe kusan mutum 200, aka rataye Aske da sarƙa a York.

Kaɗan daga dukiyar ta tafi ga abin kirki, kamar kwalejin Trinity a Cambridge da ya kafa a 1546 da sababbin kujerun bishop shida. Galibinta kuwa sayarwa aka yi ga fadawa da attajirai da masu gonaki, kuɗin suka narke a yaƙe-yaƙen Faransa da Sikotland. Duk da haka baitulmali bai cika ba, har aka koma gauraya kuɗin azurfa da jan ƙarfe. Idan sulen ya goge, hancin sarki ne ke fara yin ja, talakawa suka laƙaba masa suna da hakan. Amma cinikin filayen ya haifar da abin da ko Cromwell ba lallai ya hango iyakarsa ba: dubban iyalai masu faɗa a ji waɗanda dawowar Fafaroma ke nufin asarar gonakinsu.

Addinin sarki

Abu ɗaya da masu neman gyara suka samu a hannunsa shi ne Littafi Mai Tsarki da Ingilishi. A 1539 aka buga babban bugu, aka umarci kowace coci ta ajiye kwafi inda kowa zai iya karantawa. A bangon farko an zana Henry a kan karaga yana miƙa littafin ga Cranmer da Cromwell. Kaso mai yawa na fassarar aikin William Tyndale ne, wanda ya yi gudun hijira, ya soki rabuwar sarki da Catherine, aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa kusa da Brussels a 1536.

A wannan shekara ta 1539 ɗin dai sarki ya sa aka yi dokar sharuɗɗa shida, wadda ta tabbatar da aƙidun Katolika ɗaya bayan ɗaya: gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji suna zama jiki da jinin Almasihu na haƙiƙa, firist ba ya aure, ikirari a gaban firist na nan. Wanda ya musa na farkon, wuta. Cranmer, wanda ke da mata a ɓoye, dole ya mayar da ita Jamus. A 1543 kuma, da Henry ya ji ana gardamar nassi a mashaya, sai ya hana leburori da 'yan koyon sana'a da matan talakawa karanta littafin da shi ya ba su.

Sauran auren uku ba su da nauyin na farko. Cromwell ya haɗa shi da Anne ta Cleves don neman ƙawance da sarakunan Jamus. Ya ga zanenta na Hans Holbein ya amince, ya gan ta ido da ido ya ce bai gani ba. An ɗaura a Janairun 1540, an soke a Yuli. Ita ce mai wayon cikinsu: ba ta yi gardama ba, ta karɓi gidaje da matsayin 'yar'uwar sarki, ta rayu har 1557. Cromwell kuwa, abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Catherine Howard yarinya ce da ba ta kai shekara ashirin ba lokacin auren. Aka bankaɗo tsohuwar alaƙarta da Francis Dereham da ganawarta a ɓoye da Thomas Culpeper, aka sare kanta a Fabrairun 1542. Catherine Parr, wadda ya aura a Yulin 1543, bazawara ce mai ilimi, ta wallafa littafin addu'o'i da sunanta, ta kuma taimaka aka mayar da Mary da Elizabeth layin gado a dokar 1544. Marubuci John Foxe ya ruwaito cewa ita ma saura ƙiris a kama ta saboda yawan gardamar addini da sarki, sai ta lallashe shi da cewa tana yi ne don ta ɗauke masa hankali daga ciwon ƙafarsa, ta kuma ƙaru da iliminsa.

Ya mutu a fadar Whitehall ranar 28 ga Janairun 1547 yana da shekara 55, jiki ya yi nauyin da sai an ɗauke shi a kujera, gyambon ƙafa ya ƙi warkewa. Aka binne shi a Windsor kusa da Jane Seymour. A wasiyyarsa ya bar kuɗi don a riƙa yi wa ransa addu'ar Mas har abada, irin ta Katolika. Sai dai ya bar tarbiyyar ɗansa a hannun malamai masu ra'ayin Furotesta, ya kuma cire Bishop Stephen Gardiner, jagoran masu ra'ayin riƙau, daga majalisar riƙon ƙwarya. Shekarar ba ta ƙare ba aka soke gidauniyoyin da ke ɗaukar nauyin irin wannan addu'a.

Abin da 'ya'yansa suka yi da gadon

Tunda addini ya koma hannun mai sarauta, sai ya riƙa sauyawa da sauyin mai sarauta. A zamanin Edward aka fasa gumaka, aka halatta wa firistoci aure, Cranmer ya fitar da littafin addu'a na Ingilishi a 1549. Edward ya mutu yana ɗan shekara 15. Mary ta dawo da Fafaroma, ta ƙone mutum kusan 280, cikinsu har da Cranmer a Oxford a 1556, mutumin da ya soke auren uwarta. Amma ko ita ba ta iya karɓe filayen gidajen zuhudu daga hannun waɗanda suka saya ba. Sai da Roma ta haƙura da su kafin majalisa ta yarda a sasanta. Elizabeth, 'yar da aka yi baƙin cikin haihuwarta, ita ta yi shekara 44 a kan gado, kuma tsarin da ta kafa a 1559 shi ne ainihin tushen Cocin Ingila ta yau. Babu ɗaya cikin ukun da ya bar ɗa. A 1603 sarauta ta koma ga James na Sikotland, tattaɓa-kunnen Margaret, 'yar'uwar Henry, reshen da ya tsallake a wasiyyarsa.

Har yau sarkin Birtaniya ne shugaban Cocin Ingila, bishop 26 na da kujeru a majalisar dattawa, kuma dokar 1701 ta hana ɗan Katolika hawa gado. Cocin da aka kafa don sarki ya rabu da matarsa ita ce ta tsaya kai da fata a 1936 cewa Edward na Takwas ba zai auri Wallis Simpson, wadda ta rabu da maza biyu, yana kan karaga ba, har ya yi murabus. Sai a 2013 aka yi dokar da ta daina fifita namiji a kan mace wajen gadon sarauta.

Cocin ta bi jiragen ruwan Birtaniya ta bazu. Ƙungiyar mishan ta CMS, wadda aka kafa a 1799, ita ta kawo ta yankin Neja; a Canterbury aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Dakta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ta koma Wusasa, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Cocin Angilika ta Najeriya ta zama lardi mai cin gashin kansa a 1979, yanzu kuma tana cikin mafiya yawan mabiya a duk tarayyar Angilika. A Fabrairun 2023 Cocin Ingila ta amince a riƙa yi wa ma'aurata 'yan jinsi ɗaya addu'ar sa albarka. Bayan wata biyu shugabannin Angilika na Najeriya da Uganda da Ruwanda da wasu ƙasashe suka taru a Kigali, suka sanar cewa sun daina ɗaukar Babban Limamin Canterbury a matsayin jagoran da ke haɗa kansu.